Kamun Tsohon Maginin Tsafe

Wata huɗu ke nan da dawowata Bungudu, amma har yau in na ji ana sara ƙasa mai tauri da diga sai in ajiye abin da ke hannuna in shige ɗaki. Inna ta ce in kwashe maganar in zubar tare da shara. Na gwada, ba ta zubu ba. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin rubutuna na makaranta, in faɗi yadda aka yi tun daga farko, har da inda ni ce ban kyauta ba.

A Gusau, bayan tashar jirgi, gaba kaɗan da filin da ake jibge buhunan gyaɗa, akwai wata doguwar rumfar kwano. A cikinta ake ƙera bango. Na san maganar tana da wuyar shiga kunne, don mu abin da muka sani shi ne bango ana gina shi da tubali da laka a daidai inda zai tsaya. To wani Bature ne ya zo da tasa dabarar. A haɗa katako huɗu kamar bakin ƙofa, tsayinsa ya fi na mutum, a buga masa kwali mai tauri a fuska ɗaya, a kwantar da shi a ƙasa. Sai a cika cikinsa da ɓawon gyaɗa da aka daka aka cuɗa da farar ƙasa da maganin gara, a danne sosai, a rufe ɗaya fuskar da ƙusa. Shi muke kira falle. Ɓawon nan shi ke hana zafi ratsawa. Na sha ɗora tafin hannuna a fuskar da ke inuwa alhali ɗayar tana shan ranar azahar, in ji ta da sanyi kamar gindin randa. In an gama fallayen sai a loda su a mota a kai wurin gini, inda aka riga aka kafa ginshiƙai masu gurbi a gefe. A zura kowane falle tsakanin ginshiƙi biyu, bakinsa ya shiga gurbi ya kama. Kwana biyu ɗaki ya tashi.

Kawu, ƙanin Inna, shi ne shugaban kafintocin rumfar. Malamin da ke yi musu awo ya sami aikin jirgi ya tafi, Bature kuwa yana neman wanda ya iya Turanci, ya iya karanta ajami, kuma bai tsoron lissafin inci. Ni a lokacin na gama makarantar 'yan mata, ina zaune a gida ina jiran a kira ni koyarwa, shiru. Inna ba ta so ba ko kaɗan. Ta ce ɗiya mace a tsakiyar maza goma sha biyu da gudumomi, ina dalili? Kawu ya lallashe ta, ya ce a gidansa zan zauna, tare za mu fita tare za mu dawo. A gaban Bature kuma ya dafa ƙirji ya ce, "In ta ɓata, ni na ɓata." Ni na juya masa maganar da Turanci da bakina, ina jin daɗi.

Aka ba ni tebur a ƙarshen rumfa, Kawu ya kewaye mini shi da zana. Aikina in karɓi awon gini, in mayar da shi ƙafa da inci, in rubuta a baƙin allo da manyan lambobi. In an haɗa katakon falle kuma, kafin a cika shi, in fito da rula in gwada, in ya yi daidai in sa masa alama da alli. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ba su taɓa yafe mini ba. Mutum ya yi shekara talatin yana riƙe da zarto, yana da jikoki, a ce ya tsaya hannu a baya sai yarinya 'yar shekara sha tara ta zo ta shafa wa aikinsa alli.

Wanda ya fi tsanata shi ne mai zarto, wani ƙaƙƙarfa mutumin Magami wanda zarto ya taɓa cinye masa rabin ɗan yatsa. Da ma ƙaninsa ya so a ba teburin. Kullum na shigo da safe sai ya ɗaga murya, "Malama ta iso, a miƙe tsaye!" Su kwashe da dariya. In na sunkuya ina gwaji ya ce, "Malama, katakon ga ya ci jarrabawa, ko a maimaita mai aji?" Ran da na mayar masa da aiki saboda rubu'in inci, sai ya tako har bayan zana ya aza zarton a kan takarduna.

"Tashi ki yanke."

"Baba, ba aikina ba ne."

"To mi an naki? Shafa alli? Ko akuya ta iya, in an ɗaura mata a wutsiya."

Na sha samun ɓawon gyaɗa a cikin butar ruwana. Tofin goro kuwa kullum a gindin zanata yake sauka. In na kai ƙara wurin Kawu a hanyar gida sai ya ce, "Haƙuri, ɗiyata. Itace ma sai an bi shi a hankali yake yankuwa." Amma ni ban bi kowa a hankali ba, gaskiya ke nan. Tsoronsu nake ji, tsoron kuma sai ya fito mini ta girman kai. Na koyi buga rula a kan katako kamar yadda shugabar makarantarmu take buga tebur. In na ga kuskure ba na faɗa a kunne, sai na bari kowa ya ji.

Ana cikin haka aikin Tsafe ya zo. Ɗakin shan magani za a yi, da ma'ajiyarsa, don an ce zafi yana lalata magunguna. Damina ta matso, saboda haka aka ba wani tsohon magini na can aikin harsashi da kafa ginshiƙai, aka ce ya kafa su daidai wa daida ya aiko mana da awo, mu ƙera fallaye a kai. A makon nan Kawu ya tafi Bungudu da Furfuri neman ɓawo wurin mata masu sussukar gyaɗa. Zazzaɓi ya kama shi a can, ya kwanta a ɗakin Inna, sai da ya yi kusan sati uku.

Wata Litinin da hantsi wani direban motar gyaɗa ya leƙo rumfa da saƙo a hannu. Takarda ce aka naɗe a jikin karan dawa, aka ɗaure da jan zare.

"Tsoho ya ce a ba shugaba, da takardar da karan."

"Shugaba ba ya nan. Ni ke karɓar awo."

Ya dube ni, ya dubi mazan, ya miƙo ya tafi. Na kwance zaren, na warware takardar. Karan kuwa na ɗauka an naɗa ta a jikinsa ne don kada ta yamutse a aljihu, sai na wurga shi kan tarin sassaƙe. Na lura an datse bakinsa biyu sumul da wuƙa mai kaifi. Na gani da idona, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Takardar da ajami take, gajeriya. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi kamu biyu, tsayi kamu biyar, gurabe talatin da shida. A makaranta mun haddace cewa kamu ɗaya inci goma sha takwas ne, kamu biyu yadi ɗaya, har rera shi muke yi muna tafi. Ban ko ɗauki fensir ba. Na je allo na rubuta faɗi ƙafa uku, tsayi ƙafa bakwai da rabi. Da na juyo sai na tarar rumfar ta yi tsit, ba guduma ba zarto. Mai zarto ya dubi allon, ya dubi tarin sassaƙe, sannan ya dube ni.

"Malama, haka za mu yanka?"

"Haka."

"Ba a ƙara komi?"

Na ji kamar wani sabon ba'a ne yake shirin yi, sai na riga shi. Na ce, "Ka iya karatu ne, Baba, da za ka gyara mini?"

Wani dattijo mai buga ƙusa ya buɗe baki kamar zai yi magana, mai zarto ya ɗan taka masa ƙafa. Ya yi murmushi har jajayen haƙoransa suka fito. "A'a, Malama. Mu jakkai ne. Abin da anka aza muna shi muka ɗauka."

Sati ukun da suka biyo baya su ne mafi daɗin da na yi a rumfar nan, kuma su ne yanzu suke hana ni cin abinci in na tuna. Ba'a ta ƙare. Da safe a gaishe ni, "Malama an kwana lahiya?" Katako kuwa kowanne sai ya fito cif, ko gashin kai bai kauce ba, ban mayar da ko ɗaya ba. Butata tsaf. Wata rana har soyayyar gyaɗa na tarar a kan teburina cikin ganye. Na ce a raina ai ga shi, ashe tsayawa kawai suke so a yi musu. Har wasiƙa na rubuta wa wata ƙawata ta makaranta ina cika baki, na ce na horar da kafintocin Gusau. Talatin da shida muka cika, muka danne, muka rufe, aka jingine su a jere, farare tas.

Kawu ya dawo ana gobe tafiya, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya zagaya fallayen yana shafa su, ya ce madalla. Da safe aka loda. Bature ya wuce gaba a ƙaramar motarsa, ni da Kawu muka shiga gaban babbar, kafintoci shida a baya kan kaya. Dole in je, don ni ce bakin Bature.

Muna daidai duwatsun Kwatarkwashi Kawu ya sunkuyo, yana ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Tsohon nan na Tsafe, kin san shi? Dogo ne kamar giginya. Kamunsa ba irin na mutane ba ne. Amma tunda kin gwada da karansa, shi ke nan."

"Karansa?"

"Karan da ya aiko. Ai magini ba ya aika kamu ba kara. Hannu da hannu ba ɗaya ba, dole ya datse kara daidai nasa ya haɗo. Kin gwada da shi ko?"

Ina ganin karan nan yana juyawa a iska kafin ya faɗa kan sassaƙe. Da na faɗa masa a nan, da an tsayar da mota, da an juya. Amma na tuna ƙirjin da ya dafa, na tuna Inna da "ai na faɗa", na tuna teburina. Na ce a raina wataƙila bambancin kaɗan ne, gurbi zai shanye. Na gyaɗa kai na ce, "I, Kawu." Ya jingina ya lumshe ido.

A Tsafe mun tarar da taro, don an daɗe ana labarin bangon da ake kawowa a mota. 'Yan kasuwa sun bar rumfunansu, mata suna leƙe ta kan danga. Ginshiƙai suna tsaye reras cikin siminti, a tsakiyarsu kuma tsohon maginin, da busasshiyar laka a ƙwaurinsa. Ban taɓa ganin hannuwa irin nasa ba, sun kusa kai masa gwiwa. Ina ganinsu na san babu gurbin da zai shanye komai.

Mutanen tsoho huɗu suka ɗauki falle na farko, suka tayar da shi tsakanin ginshiƙai biyu. Gefe ɗaya ya shiga gurbi. Ɗaya gefen kuwa ga rata nan, hannun mutum zai wuce ta ciki a sake, sama ma ya gaza da fiye da taƙi. Waɗanda ke gefen da ya shiga suka ce "ya kama!" suka saki. Bai kama ba. Ya yi ɗan tangaɗi ya kifo gaba ɗaya a kan mutumin da ke durƙushe yana gyara masa gindi, surukin tsohon ne, mijin ɗiyarsa. Na ji ƙarar ƙashi kafin in ji ihunsa. Kwalin ya tsage, ɓawo da farar ƙasa suka tuttulo suka rufe masa ƙafa, wurin ya turnuƙe fari. Aka ja shi aka ɗauke sai gidan mai ɗori, wata mata tana bin su da kururuwa.

Bature ya yi jajir. Ya zaro tef ya auna tsakanin ginshiƙan, ƙafa uku da inci huɗu. Ya auna na gaba, haka. Ya auna fallen, ƙafa uku cif, yadda allo ya ce. Ya juya kan tsoho yana faɗa, sannan ya daka mini tsawa in gaya masa, kuma kada in rage ko kalma ɗaya. Na gaya masa. Da bakina, a gaban mutanen garinsa, na ce wa dattijon da ya girmi ubana wai bai iya ƙirga biyu ba, wai shi ya karya ƙafar surukinsa, wai za a tone ginshiƙan nan duka, kuma ya yi ban kwana da aikin gini na hukuma. Ban rage ko kalma ɗaya ba.

Tsohon ya naɗe hannun rigarsa, ya sunkuya, ya aza gwiwar hannunsa a jikin ginshiƙi ya miƙe yatsu. Ɗaya. Ya matsa. Biyu. Kan dogon yatsansa ya taɓa ginshiƙi na gaba daidai. Ya je na biyu ya yi haka, na uku, na huɗu, taro yana ƙirgawa tare da shi ƙasa-ƙasa. Sannan ya miƙe ya zo gabana.

"Kamu biyu nac ce, kamu biyu na. Kuma na aika da karana. Ɗiya, ke kinka amshi takarda?"

"Ni ce, Baba."

"Ina karan?"

Kawu yana gefena, ina jin numfashinsa. Kafintoci shida suna jingine da mota, hannu a harɗe. Direban da ya kawo saƙon ba ya nan. Na ce, "Takarda kaɗai na gani."

Tsoho ya daɗe yana kallona. Bature ya tambaye ni me ya ce, na ce cewa ya yi da hannunsa ya auna. Bature ya yi wata busasshiyar dariya ya ce a tone. Mutanen tsoho suka ƙi taɓa diga, sai ya kira namu. Mai zarto ne ya fara ɗauka, har yana tofa yawu a tafi.

Daga cikin taro aka fara magana. Wani ya ce tsufa dai ya zo, ido ya tafi. Wani ya ce shekara arba'in yana gini a garin nan, ashe da ka yake yi. Tsoho ya koma gefe ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa ya ajiye a gabansa. Diga tana sauka a kan siminti, tana sauka, kowane sara sai in ji shi a haƙorana. Ginshiƙi na farko ya fara karkacewa. Kawu bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, daga nan na gane ya riga ya gane.

Na fara faɗa da Hausa, a hankali, ba wanda ya ji. Sai na ɗaga murya da Turanci na ce wa Bature a tsaya. Na ce akwai kara, an kawo shi, shi ne awon, ni na jefar, ni na sa inci sha takwas daga kaina. Na tafi gaban tsoho na durƙusa na maimaita da Hausa, da ƙarfi, kowa ya ji.

Digar ta tsaya. Mai zarto ya jingine ta, ya share gumi, ya sa hannu cikin jakar kayan aikinsa ya zaro wani abu. Karan dawa ne, bakinsa biyu sumul.

"Wanga kika nema, Malama?"

Su shidan suka fashe da dariya, har wani yana riƙe ciki. Kawu ya taka zuwa gare shi a hankali, ƙafafunsa ba su gama ƙwari ba.

"Tun yaushe yake hannunka?"

"Tun ran da tay yar da shi."

"Kun yanka talatin da shida kuna sane?"

"Shugaba, an ce ba mu iya karatu ba. Abin da ke ga allo shi munka yanka. Ko akwai wanda bai ci jarrabawa ba?"

Kawu ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Dattijon mai buga ƙusa ne kaɗai ya kawar da kai. A nan na tuna gaisuwar safe, da butar da ba a ƙara taɓawa ba, da soyayyar gyaɗa cikin ganye. Mutum goma sha biyu, sati uku, kowace safiya suna ce mini an kwana lafiya suna jiran wannan ranar. Na ci gyaɗar nan har na lashe yatsu.

Mutanen Tsafe ba su tsaya bin wannan zancen ba. Abin da suka ji shi ne yarinyar Gusau ta yar da kara ta yi ƙarya, an karya musu mutum, an zagi tsohonsu. "Ita ce! 'Yar bokon nan ce!" Matar wanda ya karye ta dawo daga gidan mai ɗori, ta ratso taro ta cafke mayafina ta fizge, ta tofa mini yawu a fuska. "Allah ya isa! In ya gurgunce ke za ki ci da mu?" Hoge ya same ni a kafaɗa, wani ya fashe a jikin mota. Ina jin hannuwa a bayana, ban san na waye ba. Kawu ya sure ni kamar buhu ya cusa a gaban mota ya rufe, ya tsaya a bakin ƙofa da guduma a hannu, mutumin da jiya-jiya ya tashi daga ciwo. Na dunƙule a ƙasan kujera ina karanta duk abin da ya zo bakina. Motar tana girgiza.

Muryar tsoho ce ta tsayar da su. Bai yi ihu ba, cewa kawai ya yi, "Ku bar ta. Ta hwaɗi." Ya maimaita sau biyu, hayaniyar ta lafa. Na ɗago na ga fuskarsa a taga, ya mayar da hularsa. Na ɗauka zai ce ya yafe.

"Kin hwaɗi," ya ce. "Amma sai da kinka ga hulata ƙasa."

Ya juya ya karɓi karansa daga hannun mai zarto ba tare da ya dube shi ba.

Bature bai jira mun koma Gusau ba. A nan bakin mota ya ce kada in ƙara taka rumfarsa. Na ce masa sun sani, duk sun sani, karan yana wurinsu tun ranar farko. Ya ce sun yanka abin da na rubuta, shi kuma abin da yake biyansu su yi ke nan. Na fahimci sauran ba sai ya faɗa ba. Mai rubutu a allo ana samu, kafintoci goma sha biyu kuwa ba a tsinto su a hanya ana gab da damina. Ya tuna wa Kawu maganar da ya yi da bakinsa ranar da ya kawo ni. Ba ni na juya masa wannan ba, Kawu ya gane ba tafinta. Kafin sati ya zagayo an sauke shi daga shugabanci. Mai zarto ne shugaba yanzu, ƙaninsa kuma yana kan teburina, an yaye zanar.

Ba a tone ginshiƙan ba, ba a kuma zubar da fallayen ba. An ce tsoho ne ya gyara wanda ya karkace, ya sa aka danne kowane falle da katako, ratar gefe da ta sama ya cike su da lakarsa ya shafe. Masu zuwa daga can sun ce ɗakin yana nan tsaye, fari da ja-ja a tsakani kamar saƙi, kuma da sanyi a ciki. Surukin ya tashi, amma da sanda yake tafiya. Na ba Kawu 'yan kuɗin da na tara ya kai musu, matar ta dawo da su a ƙulle yadda suka je.

Ranar Juma'ar da ta wuce Kawu ya zo gaishe da Inna. Na tambaye shi yadda yake iya cin tuwo a kwano ɗaya da mutanen nan. Ya ce, "To da wa zan ci? Rumfar zarto ɗaya ce a garin." Bai taɓa yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya, da ma ya yi. Rular nan tana cikin kayana, na manta ban mayar ba. Na ɗauko na ce ya miƙo hannu. Ya miƙo bai tambayi dalili ba. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, inci sha tara. Na Inna sha bakwai. Nawa sha shida da rabi. Duk gidan ba mai sha takwas.

Ɓawon da ake cika fallayen da shi har yanzu daga nan unguwar tamu ake ɗaukar wani, Inna tana cikin masu dakawa, ni ma yanzu ina kama mata. Masu jakai da ke zuwa ɗaukar ɓawon sun ji labari, in sun zo sai su tsaya a zaure su ƙwala, "Malama, kamu nawa yau?" Gobe Laraba za su zo. Na riga na gaya wa Inna ni zan tsaya a turmi, ita ta fita ta auna musu.